Kan da Na Ture Daga Cinyata

A unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kaura Namoda, in ana zancen kunyar ɗan fari, da ni ake ba da misali. Daga Gurbin Bore aka kawo ni, can ƙasar Zurmi, inda mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana zancensa kuma sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. A Kaura ma haka ake yi, sai dai mutanen gari sun ɗan sassauta. Ni kuwa na zo da tawa kunyar cikakkiya, har na ƙara mata gishiri.

Mace na fara haifa. Da aka yaye ta, uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta kamar yadda aka saba. Ɗakin Inna yana kallon nawa, turmi da igiyar shanya ne kawai a tsakaninmu. Yarinya ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya, don haka ta ji ƙannen mijina suna kirana. In ina so ta miƙo mini ludayi sai in ce "ke." In zancenta ya kama dole, sai in ce "yarinyar ɗakin can." Akwai wata mai tallar nono da sunansu ya zo ɗaya. Shekara da shekaru ina sayen nono a wurinta ban taɓa kiranta ba, sai dai in tafa mata hannu.

Mata suna yabona, yabon kuma yana yi mini daɗi. Gara in faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami. Ni mace ce mai baki, ba wanda ya tsira daga harshena tun daga mai itace har mai gidan kansa, saboda haka a ce ga abu ɗaya da na iya kame baki a kansa, sai ya zame mini abin ado. Ba ƙin yarinyar nake yi ba. In na zuba tuwon ɗakin Inna, tsokar da ta fi girma can nake cusa ta a ƙarƙashin miya. In ta yi tari daga ɗakin, hannuna yakan tsaya a kan rariya har sai ta daina. Amma duk wannan a cikina yake, ita ba ta san da shi ba.

Bayanta na haifi maza biyu, su kam na sake da su yadda nake so. Na san ciwon kan kowannensu. Babban in ya dawo daga wasa cikin rana yana dafe da goshi, ƙishirwa ce, ruwan randa da inuwa sun ishe shi. Ƙaramin yunwa ce ke hau masa kai, yana ganin fura ya warke tun kafin ya gama kukan. Na san ciwon kan da ke zuwa da zazzaɓin damina, na san na ƙarya wanda ke tashi daidai lokacin tafiya makarantar allo, ya lafa da an tashi. Har taƙama nake yi wai da ganin idon yaro zan faɗi abin da ke damun kansa. Ita kaɗai ce ban san nata ba, don ba ta kawo mini.

Sau ɗaya ta kawo. Tana da shekara takwas, cikin bazara, irin zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Matar ƙanen mijina ta haihu, suna ya faɗo ranar Laraba. Mijina direban babbar mota ne, yana kai 'yan kasuwa da kayansu. Ana gama raɗin suna da safe ya kama hanyar Shinkafi don kasuwar Alhamis, ba zai dawo ba sai Juma'a. Gida ya cika da mata, ko wurin ajiye ƙafa babu.

Bayan azahar ina zaune a tabarma cikin dangi da maƙwabta, sai na ga ta fito daga ɗakin Inna da sabon kitson da aka yi mata don suna. Ta ratsa mata, ta wuce kakarta da ke can wurin tukwane tana ba da umarni, ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta ɗora kanta a cinyata.

"Yaya, kaina na sara," ta ce.

Zafin kanta ya ratsa zanena. Ban taɓa jin jikin yaro da zafi haka ba, hannuna har ya taso zai dafa ta. Sai wata gwaggon mijina, tsohuwa mai barkwanci, ta tafa hannu.

"Ku taho ku gani, jama'a! Yau ɗiya ta gano uwatta. Bari mu ga mi mutuniyag Gurbin Bore za ta yi."

Ido ya dawo kaina, ana dariya. Ba da mugunta suka yi ba, wasan gidan suna ne, kuma ko da na rungume ta ba abin da zai same ni sai tsiyar kwana biyu. A lokacin ma na san haka. Amma hannun da ya taso don ya dafa ta, shi na sa na ture kanta.

"Tashi ki tai wurin uwakki," na ce, ina kallon wani wuri. "Ni mi nis sani?"

Aka rangaɗa guɗa. Gwaggon ta ce yau ta ga tarbiyya, a je a faɗa wa 'yan matan zamani. Yarinya ta miƙe a hankali, ba ta yi kuka ba, ta koma tana dafa bango.

Inna ta yi abin da ta sani. Ta duba kan ta ce, "Kitso na, an ja shi da yawa." Ta zauna ta tsefe shi tas, ta shafa mata man zafi a goshi, ta ɗaure kan tamau da ɗankwali, ta aika aka sayo ƙwayar ciwon kai wurin mai tebur. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Da wannan dabarar ta raini 'ya'ya da jikoki, kuma mafi yawan ciwon kan yaro haka yake wucewa.

Wannan bai wuce ba. Alhamis da safe ta tashi da amai. Aka fito da ita rumfa ta sha iska, ta runtse ido tana kuka a mayar da ita ciki, wai haske yana sukanta. Inna ta ce rana ce ta shige ta a kai. Aka kira wanzami ya yi mata tsaga a gefen goshi biyu, ya kafa ƙaho ya zuƙi jini. Ni ina bakin turmi ina dakan abin da bai buƙaci daka ba, don daga nan ake hango cikin ɗakin.

Daga nan na ga an miƙa mata ruwa a moɗa. Yaro in zai sha ruwa sunkuyar da kai yake yi. Ita ta kasa. Sai ta ɗaga moɗar zuwa bakinta, kanta a ƙage ya yi baya, ruwan ya zubo ta wuya ya jiƙa mata riga. Sau biyu tana gwadawa. Da zan ce ban gane abin da na gani ba, da na yi ƙarya. Ina yarinya sanƙarau ya taɓa shiga garinmu wata bazara, na ga yadda yake ƙage wuya, na kuma ga gidajen da ya yi wa ɓarna.

Taku goma ne tsakanina da ita. Maimakon in taka, sai na ɗaga murya na yi magana da iska, yadda suruka mai kunya ke yi.

"An ce ciwon wuya na yawo cikin gari bana."

"Kul! Kak ki yi muna mugun baki," in ji Inna daga ciki. Sai ta leƙo, ta yi ɗan murmushi irin na wanda tsoro ya fara kamawa. "Ashe kina da baki bisa yarinyag ga? Yau nij ji."

Wasa ta yi mini, don ta rage wa kanta fargaba. Ni kuwa ya ishe ni in yi gum. Na koma na dama kunun tsamiya na aika ɗakin, ya dawo yadda ya tafi. Ni da nake iya tsayar da mai nama in yi masa wankin babban bargo a kan ƙashi ɗaya, na wuni ranar ina shara inda na riga na share.

Juma'a da hantsi mai gida ya dawo. Shi ma 'yar fari ce a wurinsa, kuma a ɗakin uwarsa take kwance. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaida Inna, ya ce ya mai jiki, bai ko leƙa ba. Inna ta ce da sauƙi, ta samu barci. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, in an sauko masallaci sai a duba. Ya shigo ɗakina muka kalli juna. Na ga tambayar a idonsa, shi ma na tabbata ya ga amsar a nawa, amma abin da ya fito daga bakinsa ruwan wanka ne, ni ma na tashi na kai masa. Mu biyu muka haife ta, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Bai daɗe da fita masallaci ba na ji Inna tana kiran sunan yarinyar. Ta kira sau ɗaya, ta sake, ta sake, kowane ya fi na baya ƙarfi. Abin da ta ɗauka barci ne ashe ba barci ba ne. Na bar tukunya a kan wuta na faɗa ɗakin ba sallama. Na sunkuce ta na goya, ƙafafunta suna dukan bayan gwiwoyina, rabona da goya ta tun yaye. Na fita ƙofar gida da rana tsaka, ni da ba na taka zaure sai da izini, ba mayafi ba takalmi. Inna ta biyo ni da gudunta na tsufa, mayafina a hannunta. Ta cim mana wajen masu sayar da rake ta yafa mana shi mu biyu.

A asibiti wata malamar jinya ce ta karɓe mu, 'yar kudu, Hausarta ta kasuwa ce amma ana ganewa sarai. Ta ce wace ce uwar yarinyar.

"Ni ta," in ji Inna.

Malamar ta dubi tsohuwa, ta dube ni da goyo. "Wadda ta haife ta nake tambaya."

Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ta ce mene ne sunanta. Wallahi ko a nan bakina ƙi ya yi, Inna ce ta faɗa. Malamar ta kwantar da yarinyar, ta sa tafin hannu a ƙeyarta ta ɗaga. Kai da kafaɗu da baya suka taso tare, kamar an ɗaga taɓarya.

"Sanƙarau ne. Tun yaushe wuyan ya ƙage?"

Inna ta ce ita ba ta lura ba. Ni na ce tun jiya da safe.

"Kin gani?"

"Na gani."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na samu abin mayarwa, don ni a faɗa ba a barina a baya. Sai daga baya, tana gyara ƙarin ruwan da aka sa wa yarinyar, ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ciwon kan yaro yawanci ba kome ba ne, rana ce ko ƙishirwa ko yunwa ko rashin barci, ruwa da abinci da hutu sun isa. Amma in ya zo da zafin jiki mai tsanani da amai, ko yaro ya ƙi haske, ko ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ko barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, to ba a jira a ga yadda gobe za ta yi, a ranar ake kawo shi. Ta nuna tsagar wanzami ta ce ciwon yana can ciki, inda aska ba ta kaiwa.

Aka yi ta yi mata allurai. Uban ya zo daga masallaci da gudu, na hango shi ta taga ya jingina da bishiya yana share ido da hannun riga. A kwana na shida ta buɗe ido ta nemi ruwa, ta sunkuya ta sha da kanta. Inna ta yi ta hamdala, ni kuma na fita waje don kada a ga fuskata. Har lokacin ban daina wannan wautar ba.

Da la'asar ɗin ranar wata mai jinya ta saki kwanon sha a kan siminti. Duk ɗakin aka zabura, wani jariri ya fashe da kuka. Yarinyar kuwa tana kallon taga, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na zagaya ta bayanta na tsaya, na kira sunanta. Tunda aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba, har na ji shi baƙo a harshena. Na sake kira da ƙarfi, duk wanda ke ɗakin ya juyo. Ita ba ta juyo ba.

Likita ya ce ciwon ya bar mana ranta, amma ya tafi da kunnuwanta biyu. Na tambaye shi, da ranar Laraba aka kawo ta fa? Ya ce Allah ne masani, wani ko an kawo shi da wuri yakan rasa jin, amma sau da yawa ana tsira da shi. Wannan "sau da yawa" ɗin nake ɗauke da shi har yau. Mutane sun zo jaje sun ce ƙaddara ce, kuma na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Sai dai na san da hannun wa aka ture kan, na kuma san wa ya ga moɗa ya koma shara.

Da muka dawo gida na ɗauko tabarmarta na shimfiɗa a ɗakina, ban nemi shawarar kowa ba. Ta yi kwana uku don ladabi, ta naɗe abarta ta koma wurin Inna. Maganarta ba ta tafi gaba ɗaya ba, sai dai muryar ta yi ta sanƙarewa, kalmomi suna gutsurewa, har ya zama sai wanda ya saba ke ganewa. Ita da Inna suka ƙirƙiri yarensu na hannu, kowa a gidan da alamarsa. Uban sitiyari ne, ƙaramin ƙanenta shafa ciki. Tawa alamar yatsu ne a bakin baki suna buɗewa suna rufewa, wato mai surutu. Na yi dariya ranar da na gane, sannan na shiga ɗaki na yi kuka, don duk surutun nan nawa ba wanda na taɓa yi da ita.

Abin da na kasa yi mata sai na dinga yi wa 'ya'yan mutane. A hankali unguwa ta san cewa in yaro ya ce kansa, gidanmu ake fara kawo shi. In taɓa goshi, in tambayi rabonsa da ruwa da abinci, in ce ya kalli ƙofa, in ce ya sa haɓa a ƙirji. Yawanci in ba shi ruwa in kwantar da shi a inuwa, kafin uwarsa ta gama ba ni labarin mijinta ya tashi yana neman wasa. Wanda na ga wuyansa ko idonsa bai yi mini ba, ba na barin a zauna, ni da kaina nake tsayar da abin hawa. In kaka ce ta kawo yaro, uwar tana laɓe a baya tana kallon ƙasa, na san ɗan fari ne.

"Ke, matso nan," nakan ce. "Aje kunyag ga zaure, in kin hito ki ɗauki abikki. Taɓa shi ki hwaɗa min mi kij ji."

Har suna aka sa mini a kan haka, masifaffiyar bayan tasha. Ban damu ba.

Ita kuwa ta girma, ta iya saƙa da ɗinkin hula fiye da kowa a layinmu. Bayan rasuwar Inna ta auri ɗan ƙanwar ubanta, wani tela mai haƙuri a Kasuwar Daji, wanda tun suna yara ya iya yarenta na hannu. Ta haifi ɗanta na fari namiji, kuma ba ta yi masa kunyar ko sisi ba. Tana kiran sunansa da muryar nan tata a gaban kowa, tana ɗora shi a cinya a tsakiyar taro. Mata suna taɓe baki suna magana, ita ba ta jin su.

A bazarar shekarar da aka ba mu jiha, sanƙarau ya sake shigowa ƙasar, gidana kuwa kullum da masu kawo yara. Wata safiya ina tsakar gida sai mai waina ta bakin layinmu ta leƙo.

"Na ga ɗiyakki bisa kabu-kabu, da yaro tsakiya, sun yi wajen asibiti. Ba su biyo nan ba?"

Ba su biyo ba, ga shi hanyar tasu ta bakin layinmu ta wuce. Na juye kunu a kwano na bi su. Na tarar da jikana, mai shekara biyar a lokacin, zaune a kan gado yana wasa da murfin kwalba. Ban yi sallama ba sai da na kama kansa na kai haɓarsa ƙirji, ta tafi lafiya lau. Maƙogwaro ne ya kumbura ya sa masa zazzaɓi har ya hau kai, an ba shi magani. Mijinta ya ce yaron yana cewa kansa wajen karin kumallo, ta kashe wuta ta saɓa shi, ko kwanon gabansa ba ta bari ya gama ba.

Hankalina ya kwanta, sai ɓacin rai ya taso. Na zauna inda za ta ga bakina, na haɗa da hannu na tambaye ta. Kin wuce ta ƙofar gidana da yaro ba lafiya, ba ki tsaya ba? Ni da duk unguwa ke kawo wa 'ya'yansu? Na shirya ta yi fushi. Gaskiya ma so nake ta yi, ta faɗa mini abin da na daɗe ina faɗa wa kaina, in samu bakin ba ta haƙuri.

Ta dube ni da mamaki, ta ɗan yi tunani, kamar wadda aka tambaya me ya hana ta biyawa ta gidan mai unguwa. Babu fushi a fuskarta ko ɗigo.

"Ban tuna ba, Yaya," ta ce.

Ba abin da aka taɓa faɗa mini da ya yi mini zafi kamar wannan, kuma na san gaskiyarta ta faɗa. Ta karɓi kunun da hannu biyu, ta yi mini godiya sosai, irin wadda ake yi wa maƙwabciyar kirki, ta matsa ta ba ni wuri a bakin gado.